Ajiyar Vinko

Malmo, 3 ga Maris

Zuwa ga Yaya Ruža,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki, yaya itatuwan zaitun?

Bayan haka, ƙaninki Vinko yau kwana goma sha biyu yana asibiti, ɓarin jikinsa ya shanye. Yana ci yana sha, amma ko uffan. Kin san mijin nawa da taurin kai. Tun zuwanmu ƙasar nan ta Sweden shekara arba'in ya hana yin harshenmu a gida, wai kada a yi wa ɗanmu Tomas dariya a makaranta. Ko faɗa za mu yi sai da harshen Sweden, faɗa lami babu gishiri. Har zaginsa na ƙauye nake kewa. Tsorona kada ya tafi ban ƙara jin muryarsa ba.

Taki,
Zdenka

Malmo, 19 ga Maris

Yaya Ruža,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Albishirinki!

An kawo sabuwar likita 'yar Poland. Ta yi ta fama da shi da harshen Sweden ya fito da harshensa ta duba, ko kallonta bai yi ba. Da ta gaji, sai ta faɗa da nasu. Ashe kalmarsu kamar tamu ce, jezik, na cikin baki da na magana duk suna ɗaya. Gogan naki ya ɗauka na magana take nema. Ya harare ta ya ce, "Jezik ɗina kike so, yarinya? Ai yana gida, na ba Ruža ajiya."

Daga nan bakin ya ɓalle. Ya kira awakin babanku ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi burodin da mamanku ke gasawa cikin toka, ya ce min, "Ke 'yar mai niƙa, har yanzu ba ki iya miyar kabeji ba?" Na yi dariya, na yi kuka.

Sai dai harshen Sweden ya gudu daga kansa kaf. Tomas na tsaye yana cewa, "Mama, me yake faɗa?" Vinko ya dube shi ya ce, "Wannan dogon kuma ɗan waye, ba ya gaida mutane?"

Don Allah ki zo, ki taho masa da ajiyarsa, ni nawa harshen ya yi tsatsa. Jiya Tomas, da furfurarsa, ya zo kicin da biro da takarda, ya ce in koya masa yadda ake cewa da harshenmu, "Baba, ni ne."

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Zdenka