Ragon Sunan Takwaranka

Zuwa ga Yaya Idi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya ƙarfin jiki? Mu nan unguwar Adjame a Abijan muna lafiya.

Albishirinka, matar ɗana Sani ta haifi namiji, an sa masa sunanka. Har hawaye na yi don murna.

Sai dai bikin sunan ya nuna mini halin da Abijan ke ciki. Tun da farashin kofi da kokon cakulan ya faɗi, ɗinkin Sani a unguwar Treichville ya tsaya. A da rago biyu muke yankawa, bana sai da na sayar da kekena aka samu ɗaya. Maƙwabta ma addu'a kawai suka kawo, ba atamfa ba sabulu.

Don haka kada ka turo ɗanka Bala neman aiki tukuna, ya riƙe gona. Ka sa takwaranka a addu'a, ka gaida kowa.

Ƙaninka,
Garba