Rabin Dutsen da Na Ɓoye Miki

Zuwa ga Vinka, sanyin idona, ruwan rijiyata a tsakiyar bazara, ɓauren da ya riga kowane nuna a gonata. Gaisuwa daga mutumin da kika hana sukuni.

Kwana tara ke nan ina tsaye a bakin ramin da muke tono ina kallonki. Bakina ya gaza, shi ya sa na ɗauki biro da wannan hannun da ya fi sabawa da diga.

Kin tuna zuwanki na farko binciken kayan tarihi, bayan garmata ta ci karo da murfin tsohon kabari? Ko gaisuwa ba ki gama ba kika hau ni da faɗa don na taɓa ƙasusuwan. Mahaifiyata ta ce wannan 'yar birnin sai ta tone mana kakanni kaf. Ni kuwa tun ranar na zama lebura a gonar ubana, da murnata. A kabari na goma sha bakwai kika share ƙasa da ɗan burushinki, ɗan kunnen azurfa ya fito kamar nonon inabi. Kika aza min shi a tafi, kika tallabo hannuna da naki, kika ce shekara dubu da ɗari ba wanda ya taɓa shi sai ni. Wallahi ba nauyin azurfar na ji ba, ɗumin yatsunki na ji. Bazarar da ta biyo baya, a gindin zaitun, kika ce min kin zama tawa. Ko iskar tsaunin Velebit ce ta faɗa, kunnena ya ɗauka muryarki ce?

Sai ga wannan Dakta Krševan, masanin tsoffin rubuce-rubuce daga birnin Zadar, da farar malafarsa da hannu kamar na jariri. Ni na tono dutsen nan mai sassaƙar saƙar igiya daga harsashin tsohuwar majami'a, ni na fasa farce a kansa. Amma wurin wa kika ruga? Kuka haɗa kai a kan haruffan Latin har gashinki na shafar kumatunsa. Ya karanto sunan hakimin da ya gina majami'ar, ya ce sunan matarsa na kan ɓangaren da ya karye ya ɓata. Kika riƙe damtsensa kina dariya, irin dariyar da na ɗauka tawa ce ni kaɗai! Yana ce miki Vinkica don lele, ni kuma "mai gona", kamar ba a raɗa min suna ba. Da rana kika gutsura masa burodi, kika miƙa masa cuku kafin ni. Tsoho Stipan, abokin tonona, ya zungure ni ya ce, "Jerko, ka yi ta haƙa, mai karatu na kwashewa." Kowa ya yi dariya, har ni. Yanzu kuma na ji duk hunturu ɗaki ɗaya za ku zauna a Zadar kuna nazarin duwatsun. Ina zan sa raina, ya hasken safiyata?

To ga abin da na aikata. Ina gyara katangar da kakana ya jera a iyakar gona, na juya wani dutse, sai ga saƙar igiya, sai ga haruffa goma sha ɗaya. Ragowar dutsenku ne. Na naɗe shi a buhu na tura bayan randar man zaitun a ɗakin ajiyarmu. Na ce ba zan sake tono abin da zai sa ki riƙe damtsen wani ba. Kwana tara kina tankaɗe ƙasa kina nemansa, kina dafe ƙugu, ina miƙa miki bokiti, na san ba ya nan. Jiya na ga kin zauna a kan tulin ƙasa kin rufe fuska don ranar Juma'a za a cike ramin. Daktan na so in ƙuntata wa, ashe ke nake yanka.

Ki zo gidanmu gobe da safe, ke kaɗai, idonki ya riga na kowa ganin sunan matar nan. Na sa alama a gurbin da na ciro shi, don ke kika koya min dutsen da ba a san mazauninsa ba ya rasa rabin bakinsa. Bayan nan ki kira Daktanki, ni da kaina zan ɗora masa shi a mota.

Abu ɗaya nake roƙo, kurciyata: ki dube ni ki faɗa min matsayinsa a wurinki. In aiki ne kawai, kowace Asabar zan hau bas in zo Zadar in jira ki a ƙofa. In kuwa laifina ya fi ƙarfin yafiyarki, gonar a buɗe take gare ki baɗi da baɗin baɗaɗa, ko da shi kika dawo. Zan riƙe muku diga, in kau da kai.

Naki har ranar da za a jera min nawa duwatsun,
Jerko