Gurbin da ke kusa da na Ettore

Litinin, 4 ga Nuwamba

Ettore Brazzale ya mutu jiya. An manna sanarwa a bangon coci. Cikin waɗanda ya bari, layin farko: "matarsa Ornella." Ni ke nan. Ban taɓa aure ba.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na je wurin ƙanwarsa Gemma. Babu ɗan gidanmu na Zampieri da ya taka ƙofar nan tun da kakana ya harbe kakansu a kan ruwan gonar inabi. Ta buɗe, ta ce, "A'a, matar yaya! Sai da ya mutu kika gane hanya?" Na ce a cire takardar. Ta ce shi ya rubuta da hannunsa tun bazara, ita maɗaba'a kawai ta kai.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Shekara talatin ina tace labarai a jarida a Verona. Bari in tace nawa.

A 1981 ƙungiyar ƙauyenmu ta shirya tsohon wasan nan na masoya biyu da gidajensu ke gaba. Don tsokana aka ba ni yarinyar, aka ba Ettore saurayin. Mai ɗaura musu aure a ɓoye kuwa Fada Severino, limamin cocinmu na gaske. Ranar gwajin ƙarshe ya shigar da mu coci, wai zauren da sanyi. Shaidu biyu. Ya miƙo littafi, muka sa hannu. Na ɗauka kayan wasa ne.

Na ɗauka. Ban dai tambaya ba.

Kafin mako ya cika Baba ya tura ni birni.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Jana'iza. Gurbinsa a bangon maƙabarta, inda ake saka gawa a rufe da dutse, jeri na uku. Na kusa da shi an riga an sassaƙa dutsensa, yadda ma'aurata ke yi: Ornella Zampieri, matar Brazzale, 1960, sai filin shekarar mutuwa. Haruffan sun yi gansakuka. Mai kula da wurin ya ce duk Lahadi Ettore na kawo fure, shekara da shekaru. A nawa yake sawa.

Na taɓa dutsen. Bai kai na kusa da shi sanyi ba. Rana ce, ƙila. Ba a yi rana ba yau.

Yayana Tullio a bakin ƙofa: "Ke 'yar boko, ki sa a kankare, ko in zo da guduma. Wurinki na jikin kabarin Mama."

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na kai fure. Don kada tulun furen da ke gurbina ya zauna haka, ba don komai ba.

Tullio ya kira sau uku. Na ce ba a goge labari sai an ga hujja. Lambar mai sassaƙa na aljihuna, ban kira ba.

Fada Severino ya daɗe da mutuwa, shaidun ma. Sabon Fada ya ce littafin auren 1981 na ofishin bishop. Za su duba ranar Laraba.