Maganin da Aka Sayo da Sunan Fauziyya

Wara, ranar Laraba

Zuwa ga Maman Fauziyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da kewa mai yawa, ya jego, ya ruwan zafi? Ya jaririnmu? Ki gaishe min da Inna da duk mutanen Shanga. Mu nan lafiya lau, sai dai gidan ya yi mana girma tun da kika tafi.

Kwikwiyon nan da yayanki Bello ya ba mu don gadin awaki ne ba lafiya. Cikinsa ya kumbura, haƙarƙari duk a waje, kuma na ga tsutsotsi farare a kashinsa kamar taliya. Fauziyya ta ƙi cin abinci saboda shi, tana zaune a gabansa tana kore masa ƙuda.

Kin san ni da gudun bakin mutane. Na je kemis bayan La'asar, na tarar da shagon cike, har da waɗanda na gama ja wa salla. Na ce a ba ni maganin tsutsar ciki, sai mai magani ya tambaye ni wane ne ba lafiya. Na'ibin liman guda, a ce yana nema wa kare maganin tsutsar ciki? Kawai na ji kaina ina cewa Fauziyya ce. Ya tambayi shekarunta, ya ba ni na ruwa, na dawo na ɗura wa kwikwiyo a bayan ɗaki. 'Yar ƙaramar ƙarya ce, Allah ya yafe. Kada ki yi min dariya.

Naki,
Bashiru

Wara, ranar Lahadi

Maman Fauziyya,

Sallama da fatan kina ƙara samun ƙarfin jiki, ke da yaron. Wannan karon da ƙyar na ɗauki biro.

Ashe maƙwabciyarmu Tabawa tana cikin shagon ranar nan. Washegari ta shigo da jiƙon saiwoyi, tana faɗa tun daga zaure cewa ta kawo wa mai tsutsa magani. Da alheri ta zo, amma kin san muryar Tabawa. Kafin mako ya zagayo, yaran Islamiyya sun laƙaba wa 'yarmu suna Mai Tsutsa. Sun daina cin abinci kwano ɗaya da ita, a tabarma ma sai su matsa. Ni ban sani ba. Na dai ga tana dawowa da wuri, ta wuce wajen kwikwiyonta, na ɗauka ƙiwa ce har na yi mata faɗa. Malamarsu ce ta aiko min da abin da ke faruwa.

Kwikwiyon kuma bai ji sauƙi ba. Ran kasuwa na rungume shi da rana tsaka, ba buhu ba rufi, na ratsa masu kifi na shiga motar Yelwa. An kalle ni, an yi ƙus-ƙus, ban mutu ba. Likitan dabbobi ya yi min faɗa a kan ba dabba maganin mutane da ka, ya auna nauyinsa ya ba shi nasa. Yanzu yana ci, har yana bin awaki da haushi.

Na kuma tsaya a ƙofar masallaci na gaya wa jama'a cewa kare ne ba lafiya, ƙarya na yi wa 'yata. Manya sun ce ba komai. Yara kuwa ba su saki sunan ba.

Jiya na zaunar da ita, na tambaye ta me ya hana ta gaya musu gaskiya, alhali a gabanta na ba kwikwiyon maganin. Ta sunkuyar da kai, ta ce in ta faɗa za su ce babanta maƙaryaci ne, kuma shi ke ja musu salla. Yarinyar da ko haƙoranta ba su gama famfara ba, ita ta riƙa rufa min asiri, ni kuwa da gemuna na miƙa ta don in tsira da mutuncina. Wallahi Zulaihatu, na kasa ɗaga ido in dube ta. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, Baba. Da ta yi kuka ma da ya fi min sauƙi.

Ki yafe min ke ma. Ki gaida Inna, ki shafa min kan yaron.

Mijinki mai jin kunyarki,
Bashiru