Shukar da Auta Ya Bar Mini

Alhamis, 3 ga Afrilu

Bismillahi. Ni Larai ce ke faɗa, Bilkisu matar Sabiru maƙwabcina ke rubutawa, don ni ko alif ban sani ba. Auta ne ya bar littafin, ya ce duk abin da shukarsa ta yi a rubuta masa. Zaharaddini ke nan, ɗana na ƙarshe. Ya zo ƙaramar sallah da shuka a tukwanen roba uku cikin kwali. Wai ya samu aiki a Fatakwal, ya saki ɗakinsa na unguwar Rijiyar Zaki a birni, kuma ba shi da wanda zai bar wa su sai ni.

Tun da nake ban taɓa ganin irinta ba. Ganye dogo, a bakin ganyen wata 'yar igiya, a ƙarshen igiyar ɗan tulu ja-ja kamar babban yatsa, har da murfinsa. Ya ce ƙuda da kiyashi ke faɗawa ciki, ita kuma ta narkar da su ta sha. Na ce a'uzubillahi, shuka da cin nama? Ya yi ta dariya. Ya faɗi sunanta sau uku ban riƙe ba. Mai tulu nake ce mata.

Ya jera su gindin randa a ƙarƙashin rumfa, ya rataya buhun algarara ya ce in riƙa jiƙa shi don sanyi. Ya bar jarka biyar ta ruwan sama da ya tara tun bara. Ya ce ban da ruwan rijiya a kansu, ban da komai.

Babbar tana da tulu shida, ta tsakiya huɗu, ƙaramar biyu.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Ya kira bayan saukowa daga masallaci. Ya isa lafiya. Ya tambayi tulu nawa.

Talata, 8 ga Afrilu

Da ludayi mai dogon hannu nake zuba musu ruwa, daga nesa. Yau da idona na ga ƙuda ya sauka a baki, ya lasa, ya zame. Ina jin kukansa a ciki, zzz, har ya yi shiru. Tuwon da na ɗumama ban iya ci ba.

Na ce da Bilkisu kar ta gaya wa matan unguwa. Tsohuwa ita kaɗai a gida da shuka mai cin rai, kin san abin da za su ce. Ta ce Inna wa zai gani? Gaskiyarta. Tun da maigidana Malam ya rasu shekara huɗu, in ba akuya ba wa ke ture ƙyauren nan.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Ya kira. Juma'a uku ke nan a jere.

Rubuta wannan, amma shafin za mu yage kafin ya zo. Da, daga sallah sai sallah nake jin muryarsa, in kuma ya kira gaisuwa ce a tsaye. Yanzu sai ya daɗe. Murfi ya buɗe? Akwai ruwa a cikin tulun? Ganyen wane launi? Ni kuma in ja zancen, in cusa masa labarin akuyata da ta haihu, yana saurare. Na san ba ni yake kira ba. To in su yake kira, ai ni ce ke ɗauka. Tsorona ɗaya, su mutu a hannuna wayar nan ta koma shiru.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Zafi ya yi yawa. Tulu biyu na babbar sun bushe sun zama kamar busasshen barkono. Sau biyar na jiƙa buhun.

Laraba, 7 ga Mayu

Bilkisu ta tafi suna garin Kunci, Dabo ƙanen Malam ne ke rubuta yau. Ya shigo aron mangala zai kai taki gona, na ce zauna ka yi mini aikin da ka fi iyawa, tun da noma ya gagare ka. Ya ce matar Yaya, tsufa bai rage miki baki ba.

Ya tsuguna ya duba su. Ya sa yatsa a tukunyar ya ce wannan ai ba ƙasa ba ce, ɓawon kwakwa ne aka daka. Ya ce yaron boko, ya shuka abu a dusa ya hana shi taki, ba dole ya koma cin ƙuda ba? Ko kai aka hana tuwo wata guda sai ka ci fara ɗanya. Wai yunwa ce ke busar da su.

Na ce Auta ya hana. Ya ce Autan da bai san inda iyakar gonar ubansa take ba.

Yana ta dariya yana rubutawa, ban san ko abin da na faɗa yake sawa ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Kwana uku maganar Dabo na cina. Duk garin nan jakai sai jigilar taki suke, kowa na ciyar da gonarsa kafin ruwa ya sauka, ni kuma ga amanar ɗana na bushewa a gabana da yunwa. Shekara hamsin ina shuka yakuwa da kuɓewa a bayan ɗaki, ban taɓa hana su ba.

Na jiƙa kashin awaki a tsohuwar ƙwarya ya kwana biyu, na tace da tsumma, na zuba wa babbar da ta tsakiya. Ƙaramar ban ba ta ba, ba a yi wa jaririn shuka taki sai ya yi ƙwari.

Bilkisu ta dawo, ta ajiye biro ta dube ni. Na ce rubuta kawai.

Juma'a, 16 ga Mayu

Bakin ganyen ya fara baƙi kamar an kara shi a wuta. Tulunan sun yi laushi sun sunkuya. Na ɗura musu ruwa har rabin jarka ko zai wanke.

Ya kira. Na ce lafiya lau suke. Allah Ya yafe mini. Ko labarin akuya ban yi ba, ni na fara cewa sai an jima.

Litinin, 19 ga Mayu

Babbar ta tafi.

Alhamis, 22 ga Mayu

Ta tsakiyar ma. Na taɓa ta da kara, saiwar ta fito baƙa tana wari.

Auta ya aiko wa Bilkisu saƙo a babbar wayarta, wai ta ɗauko masa hotonsu. Na ce 'yar nan, ki ɗauki ƙaramar sau uku, ta gaba, ta baya, ta gefe, daga Fatakwal ina zai gane. Ta ce Inna duk abin da kika faɗa ina rubutawa, ko na daɗi ko ba na daɗi ba, amma wannan ba da hannuna ba. Na yi mata fushi. Ta zauna dai ta tsince mini wake.

Juma'a, 23 ga Mayu

Na gaya masa. Ban bari ya gama sallama ba don kar zuciyata ta karye.

Sai ya ce, “Taki, Inna? Shekara uku ina renonsu.”

Na ce na ga yunwa suke ji.

“A inda suke fitowa ƙasar ba ta da abinci, shi ya sa Allah Ya ba su tulu. Saiwarsu ba ta san taki ba, ƙone ta yake. Abu ɗaya na roƙe ki.”

Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai yau. Na ce ƙaramar tana nan. Ya ce to. Ya ce ana kiransa wajen aiki.

Juma'a, 30 ga Mayu

Wayar na kan cinyata tun azahar har aka kira la'asar. Sabiru ya duba ya ce caji cike yake.

Asabar, 7 ga Yuni

Jiya babbar sallah. Ya kira. Barka da sallah, an yi lafiya, Allah Ya maimaita mana. Shi ke nan. Irin ta da.

Dabo ya kawo mini cinya da hanta. Ya tsaya gindin randa yana kallon tukwane biyun da ba komai, yana sosa ƙeya. Ya ce shi dai gero ya sani. Na ce ai da ka faɗa tun ranar. Bai zauna ba.

Saura ƙasa da jarka ɗaya. Da cokali nake auna wa ƙaramar.

Laraba, 11 ga Yuni

Ruwa ya sauka da hantsi, na farko mai ƙarfi. Kowa ya ruga gona shuka. Ni na kwashe robobi da kwanuka na jera a tsakar gida, ba a ƙarƙashin indararo ba, ruwan rufin kwano datti gare shi. Da na ga yadda yake zuba sai na ce ita ma ta ji a jikinta. Na ɗauko tukunyar da hannuna biyu na fitar. Wani tulu ya shafi wuyan hannuna. Sanyi gare shi, santsi kamar kunnen jariri. Bai yi mini komai ba.

Wajen dawowa na zame na bugi gwiwa. Tukunyar dai ban sake ta ba. Sabiru ne ya ji ya ɗaga ni.

Jarka uku na cika.

Lahadi, 22 ga Yuni

Gwiwar ta kumbura, don haka nan gindin randa nake yini a tabarma. Ashe abin kallo gare ta in mutum ya zauna. Sabon ganye ya fito, igiyar bakinsa ta yi tsawo, ƙarshenta ya fara kumburi kamar ƙwayar wake. Kullum ya ɗan ƙaru. Murfin a rufe yake tukuna. Da safe wani zaƙi ke tsattsafowa a bakin tsofaffin, shi kiyashi ke bi. Na ga ba farauta take ba, zama take a wuri ɗaya tana jiran wanda zai zo.

Bilkisu ta ce Inna, wa muke rubuta wa yanzu, tun da mai littafin bai tambaya ba? Na ce ke dai biro bai ƙare ba ko?

Juma'a, 27 ga Yuni

Bai kira ba. Sai da magariba ta kusa na tuna yau Juma'a.

Juma'a, 4 ga Yuli

Ina wanke jarka wayar ta yi ƙara a ɗaki, kafin in rarrafa ta katse, ta sake yi.

Shi ne. Sabiru ya gaya masa na faɗi. Muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce kunya ce ta hana shi kira, ya yi wa uwarsa tsawa a kan ganye. Ya ce in yafe masa. Na ce na yafe tun ranar, Allah Ya yi maka albarka.

Ya ce, “Inna a bar zancen shuka. Yaya gwiwar? Kin je an duba?”

Na ce gwiwa tana nan inda take, kai dai saurara. Sabon tulun ya buɗe murfi shekaranjiya da sassafe, ya fi duk na baya girma, bakinsa ja wur da zane-zane, kuma jiya ya kama zanzaro guda. Ga wani ɗan tsiro ya ɓullo a gindi, ban sani ba ko raba shi ake yi ko bari. Ya yi dariya, ya ce a bar shi sai ya yi ganye huɗu. Ya sake komawa kan gwiwa, na sake dawo da shi. Mun daɗe har kunnena ya yi zafi.

Can ya ce zai samu hutu ƙarshen shekara, zai zo ya ɗauke ta ya hutar da ni.

Na ce ka zo dai. Amma Fatakwal da nisa, kwana a mota, ga zafin inji, ga jijjiga. Ban ga za ta kai ba. Ya ce ai a mota ya kawo ta. Na ce wannan daga Rijiyar Zaki ne.

Me kike wa murmushi, Bilkisu? Ba don komai na faɗa ba. Ta saba da nan ne kawai.