Gangarar da ta juya wajen ɗaki

Anti, don Allah ki taimake ni. Sau uku ina yaga takardar nan kafin na iya gama ta.

Ni ɗaliba ce a aji biyar na sakandare. Babana magini ne, shekara talatin yana yi wa mutane daɓe da dakali da magudanar ruwa, amma tsakar gidanmu ƙasa ce har bara. Da idonsa ya fara rauni, aiki ya ragu, sai ya ce bari ya yi wa Mama daɓen siminti. Har yana tsokanarta wai a daina cewa matar magini na tafiya cikin taɓo.

Akwai ma'auninsa na duba gangara, mai 'yar kumfa a cikin gilashi. Ba ya iya ganin kumfar sosai, sai ya ce ni 'yar boko in riƙa duba masa ko gangarar ta fuskanci rariya. Ni kuwa na ɗauka inda kumfar ta karkata, can ruwa zai bi. Na ji kunyar tambaya, saboda yadda yake alfahari da karatuna. Duk inda ta karkata wajen rariya sai in ce ya yi.

Ruwan farko da aka yi, gaba ɗaya ya kwarara ɗakin Mama, ya jiƙa katifa da kayan ƙannena. Baba ya daɗe a tsaye cikin ruwan. Bayan kwana biyu ya tattara cokalin gininsa da igiya da ma'aunin ya zuba a buhu. Na ji yana gaya wa Kawu cewa wanda ya kasa daɓen gidansa bai kamata ya taɓa na mutane ba. An zo kiransa aiki sau biyu, ya ce ba shi da lafiya.

Sai a zangon nan, a darasin kimiyya, malaminmu ya ce iska sama take hawa, kumfa tana gudu ne wajen tudu. Anti, a aji na fashe da kuka, na ce ciwon kai ne. Kullum in na kai masa ruwan alwala sai ya sa min albarka, ni kuwa in kasa ɗaga kai. In na faɗa, ina tsoron ya daina kallona kamar da. Yaya zan yi?

Ɗiyar magini

Ɗiyata, share hawayenki. Kuskuren ba naki ke kaɗai ba ne. An ba ki kayan aikin da ba a koya miki ba, kuma babanki ya fi kowa sanin cewa bokitin ruwa ɗaya da za a kwara tun da wuri zai tona komai. Ya yarda da ke ne, ke kuma kunya ta hana ki cewa ba ki sani ba. Babu mugu a cikinku.

Amma shirun yanzu naki ne, kuma shi ke cin mutumin nan. Yana zaune yana makokin hannun da bai mutu ba. Ido ne ya yi rauni, a kai shi asibiti a duba. Gwanintarsa na nan.

Kada ki aika Mama, kada ki rubuta takarda. Ki ɗauko ma'aunin daga buhu, ki ɗora a kan daɓen, ki gaya masa yadda kika karanta shi. Nan take zai gane. Gyaran kuwa ki bar masa, ko ƙarin siminti ta wajen ɗaki ko 'yar magudana, ya fi ni da ke sani.

Wataƙila ya yi faɗa, har ya kwana biyu yana ɗaure fuska. Ki haƙura ki sha. Mai yi wa ɗan koyo faɗa bai bar sana'a ba. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki ƙarfin zuciya. Ki yi yau, kada ki jira gobe.

Antinku