Takardar da ke Ƙarƙashin Hotona

Arlit, ran Laraba

Zuwa ga aminina Ramalan, a Damagaram.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar nan taka? Mu nan sai godiya. 'Yata Fadimata, mai koyar da Ingilishi a lakwal, ita ke riƙe da alƙalami, baki nawa ne.

Ka tuna ranar da aka rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan? Na daɗe da barin aiki, amma na je na tsaya bakin ƙofa don in ga fitowar ayarin ƙarshe. Ashe wata Baturiya ta ɗauke ni hoto. Bana sai ga shi an rataye a gidan matasa, ya fi tabarmar salla girma, da 'yar takarda a ƙasa. Fadimata ta nuna mini wata kalma da harafinta na farko ya yi kama da jinjirin wata, ta ce ma'anarta kuka. Wai tsoho na kukan rasa aikinsa.

Ramalan, ni da na aje hular kwano tun Fadimata na goye! Hawaye kam na yi, ban musa ba. Amma 'yan ayarinmu nake lissafawa, mutum goma sha ɗaya da suka riga mu gidan gaskiya: ƙanenka Ahmudu, Akoli, Moïse da sauransu.

Na samu mai kula da gidan, ya ce daga Turai takardar ta zo, ba a taɓa ta. To, kai ka san ni. Na ɗauko tabarma da buta na zauna ƙarƙashin hoton. Duk wanda ya shigo sai na tsai da shi, na jero masa sunayen, da garin kowa, da abin da ke ba shi dariya. Kwana tara! Har 'yan kabu-kabu suka haddace, suna taya ni in na yi tari. A na goma mai kula da gidan ya gaji, ya buga wa Baturiyar waya. Ashe mai kunya ce, ta nemi gafara.

Sun so su cire kalmar kukan, na hana. Na ce a bar ta, a faɗi ko don wa aka yi. Jiya aka liƙa sabuwar takarda mai ɗauke da sunayen. Karatu ban iya ba, amma na bi layukan da yatsa: goma sha ɗaya cif. Ahmudu ne na uku.

Gobe da sassafe zan je in ɗauko Marie, matar marigayi Moïse. Idonta ya mutu, ni zan kama yatsanta in ɗora a kan sunan mijinta.

Ka gaida mutanen gida. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Fatahu